Wuƙa Layi Take Bi: Yadda Ake Fara Aiki da Manhajar Na'urar Yanka ta Gida

Wuƙar na'urar yanka ba ta da ido. Kai ne kake ganin jan fure da koren ganye a fuskar kwamfuta. Ita abin da take jira kawai a ce mata sauka nan, bi ta nan, sha kwana, ɗaga. Manhajar zane ce tafinta a tsakaninku, kuma kusan duk ɓarnar ledar sitika da kwali da sabon shiga ke yi, daga rashin gane wannan take tasowa. Ya ga hoto ya yi kyau, ya danna, sai wuƙa ta bi wani layi da bai ma san yana wurin ba. Saboda haka a kowane mataki na wannan jagora tambayar guda ce: ina wuƙar za ta bi?

Sauke manhajar da ta dace da na'urarka

Kowace na'ura da tata. Cricut na aiki da Design Space, Silhouette Cameo da Portrait suna aiki da Silhouette Studio, Brother ScanNCut kuma da CanvasWorkspace. Dukkansu ana sauke su kyauta, amma ka ɗauko daga shafin kamfanin da kansa, kada ka bi mahaɗin da wani ya liƙa a ƙasan bidiyo. Design Space sai ka buɗe asusu, kuma tana son intanet, musamman wajen shiga da ɗora hotuna. Silhouette Studio kan kwamfutarka take zaune, tana aiki ko babu intanet, sai dai ta kyautar ba ta buɗe fayil ɗin zane irin SVG, sai an sayi matakin da suke kira Designer Edition. Kafin nan DXF da PNG take karɓa. Ita Brother da na'urar ɗaukar hoton takarda a cikinta take zuwa, kana iya zana abu da hannu ka sa mata ta yanka.

Haɗa na'urar da wayar USB a karon farko, ko da tana da Bluetooth. Idan ta nemi sabunta kanta, ƙyale ta ta gama, kada ka zare wuta a tsakiya. Akwai manhajojin waya, suna da amfani in aikin ƙarami ne, amma wajen koyo na fi son kwamfuta: fuskar ta fi faɗi, kayan aikin sun fi cika, kuma linzami ya fi yatsa kama ƙaramin abu.

Design Space za ta yi ta nuna maka hotuna da salon rubutu na masu biyan kuɗin wata, wato Cricut Access. Kada ka yi saurin shiga. Da'ira da murabba'i da salon rubutun da ke kan kwamfutarka sun ishe ka koyon wata guda.

Hoto iri biyu ne

Akwai hoton ɗigo, akwai hoton layi. Hoton da ka ɗauka da waya, JPG ko PNG, tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, kamar an jera tsakuwa. Ka faɗaɗa shi sosai, sai ka ga gefensa ya zama matakala. Babu hanyar da wuƙa za ta bi a cikinsa. Hoton layi kuwa, wanda ake kira bekta, lissafi ne: ga ƙulli a nan, ga wani can, ga yadda layin da ke tsakaninsu zai lanƙwasa. Wannan lanƙwasa sunan Pierre Bézier take ɗauke da shi, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. SVG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2001, shi ne fayil ɗin layi da ya fi yawo a hannun masu wannan sana'a. Ka mayar da shi girman tafin hannu ko girman ƙofa, layinsa ba ya dagulewa.

Sai ka ɗan dubi wuƙar kanta. Ba sara take yi ba, jan ta ake yi. Tsininta ya ɗan goce daga tsakiya, tana juyawa a cikin gidanta kamar tayar kujerar ofis, tana bin inda aka ja ta. Shi ya sa kwana mai kaifi da ƙananan ƙulle-ƙulle da yawa a wuri ɗaya suke wahalar da ita, ta riƙa tsinke leda maimakon yanka.

Aikin farko: rubutu a ƙofa

Kada ka fara da zane mai launi biyar. Bari mu yi sitika mai launi ɗaya da za a manna a ƙofa, mai cewa "Ɗakin Karatu". Na zaɓe ta da gangan, za ka ga dalili.

Fara da awo, da tef a hannu, ba da ido ba. A ce wurin da kake so ya ɗauki santimita 20 a faɗi. Buɗe sabon aiki, shiga saiti ka mayar da ma'auni santimita idan da ita ka saba, domin sau da yawa da inci suke buɗewa. Tabarmar yanka, wato shimfiɗar roba mai danƙo da ake ɗora leda a kai, wadda aka fi amfani da ita inci 12 ce kowane gefe, kimanin santimita 30.5, amma a Cricut inda wuƙa ke kaiwa inci 11.5 ne, wato wajen santimita 29. Abin da ya wuce haka sai doguwar tabarma mai inci 24.

Wata dabara da nake yi har yau: zana murabba'i mai girman wurin da za a manna, ka ba shi launin ƙofar, ka ɗora rubutun a kai ka gani. In ka gamsu sai ka goge murabba'in ko ka ɓoye shi, don kada shi ma a yanka shi.

Yanzu danna alamar rubutu ka rubuta. A nan ne za ka ci karo da abin da masu rubutu da Turanci ba su san da shi ba. Salon rubutu da yawa, musamman masu ƙayatarwa, ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai ka ga "akin Karatu" da ɗan akwati a gaba, ko Ɗ ɗin ta fito da wata siffa dabam da sauran. Mafita biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka ɗauki salon da yake da su, irin su Noto Sans, Andika, Charis da Gentium, waɗanda duk kyauta ne, ka girka a kwamfuta, ka rufe manhajar ka sake buɗewa don ta gan su. Ta biyun, idan ka nace da wani salo, ka rubuta D talak, ka ɗauko lanƙwasar wani harafi daga salon, misali kan f ko wutsiyar j, ka juya ta, ka ɗora a kafaɗar D, ka yi musu walda. Yana cin lokaci, amma yana fitowa kamar dama can haka aka zana shi.

Wajen girma, akwai ɗan kwaɗo tsakanin faɗi da tsawo. Bar shi a kulle, rubuta 20 a faɗi, tsawon zai daidaita kansa. In ka buɗe kwaɗon ka ja, haruffan za su miƙe kamar an ja roba. Sannan ka matso da hoton kusa ka duba inda harafi ya fi siranta. Duk abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, zai ba ka wahala wajen tsince rarar leda bayan yanka. Ɗigon i na "Ɗakin" ma ka sa masa ido, shi ne ya fi kowa ɓata.

Walda, liƙi da ɗauri

Nan ne ake yawan rikicewa, don maɓallan suna kama da juna a fuska alhali aikinsu a kan wuƙa ya sha bamban. Da Turanci suke a rubuce, don haka zan kira su da sunan da za ka gani.

Group ɗauri ne kawai, kamar ka ɗaure itace don ya yi sauƙin ɗauka. Kana matsar da su tare a kan allo, shi ke nan. A Design Space bai hana manhajar wargaza su idan an zo yanka.

Attach shi ne mai cewa a bar su yadda na jera. Design Space tana da ɗabi'ar tattara komai zuwa kusurwar sama ta hagu don tattalin leda. Idan ka rarraba haruffa ka jera su da hannu, ko ka sa tauraro a gefen rubutun, ba ka danna Attach ba, za ka tarar da su a tabarma a cakuɗe. Haka kuma in kana son alƙalami ya yi rubutu a kan katin da wuƙa za ta yanka, Attach ne zai riƙe rubutun a kan katin. Masu Silhouette ba su da wannan damuwa, inda ka ajiye abu a shafi nan za a yanka shi.

Weld kuwa walda ce ta gaske. Siffofi biyu da suka hau juna sai ta narkar da su su koma ɗaya, layin da ke tsakani ya ɓace. Ɗauki rubutu mai haɗe-haɗe: wutsiyar a ta shiga cikin k. A ido sun haɗu. A wajen wuƙa kowanne da nasa layin, za ta zagaya a ta gama, ta zo ta zagaya k ta ratsa ta cikin wutsiyar, ka tashi da kalma a gutsuttsure. Sabbin fitowar wasu manhajoji kan haɗa rubutu da kansu, amma da zarar ka rarraba haruffan ka matsa su da hannu, waldar ta dawo wuyanka. Kafin ka yi ta, kwafi rubutun ka ɓoye kwafin, domin abin da aka yi wa walda ya tashi daga rubutu, ba ka iya gyara harafi a ciki. A Design Space akwai Unite, mai aiki iri ɗaya amma ana iya warware shi daga baya. Shi na fi amfani da shi yanzu.

Sai Slice, mai huda siffa da wata siffa, kamar a fitar da rubutu daga cikin da'ira. Abu biyu rak take karɓa a lokaci guda. In ka ga maɓallin ya dushe, ka zaɓi uku ne ko ɗaya. Offset kuma tana zana layi a kewayen abu, a nisan da ka zaɓa, da ita ake yi wa rubutu inuwa ko a ƙara wa siririn harafi kauri. Sauran za ka tsince su a hanya.

Aikawa da gwaji

A Design Space ka danna Make, a Silhouette ka shiga Send. Tsaya a wannan shafi, kada hannunka ya riga idonka. Silhouette tana haska duk layin da za a yanka da ja, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Design Space tana raba aikin tabarma-tabarma bisa launi, don haka in ka ga tabarma biyu alhali leda ɗaya kake da ita, akwai abin da launinsa ya ɗan saɓa da na sauran.

Shimfiɗa ledar a tabarma, launi a sama, daidai inda hoton ya nuna, ka murje ta da tafin hannu. Tabarmin Cricut launinsu ke faɗin ƙarfin danƙonsu: shuɗiya ta takarda mara nauyi, koriya ta leda da kwali, mai ruwan hoda ta yadi, mai launin shunayya ta abu mai kauri. Sabuwar koriya tana iya yaga takarda, ka kula.

Zaɓi sunan abin da za ka yanka daga jeri. Wannan zaɓi ne ke tsayar da ƙarfin dannawa. A Cricut kana iya ƙarawa ko ragewa da More da Less. A Silhouette lambobin a buɗe suke: tsawon bakin wuƙa daga 1 zuwa 10, ƙarfi daga 1 zuwa 33, sai gudu da yawan zagaye. Leda ba ta buƙatar dogon baki. Sabon shiga yakan zaci in bai yanke ba a ƙara tsawo ne, sai ya huda har tabarma.

Yi gwaji. Silhouette na da maɓallinsa, tana yanka ɗan alwatika a cikin murabba'i a kusurwa. A Cricut kai za ka zana ɗan tauraro na santimita ɗaya ka fara yanka shi. Abin da kake nema shi ne wuƙa ta yanke ledar ta bar takardar bayanta lafiya, in ka juya ba ka ga tsaga ba. Tauraron ya ɗago cikin sauƙi, ƙahonninsa ba su yage ba. Na san akwai ƙosawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma santimita ɗaya ta fi rabin mita sauƙin yafewa.

In an gama yanka, kada ka fitar da tabarmar tukuna. Sa farce ko tsinin matsefata ka ɗaga kusurwa ɗaya. Idan bai yanke sosai ba, muddin tabarmar ba ta motsa ba, kana iya sake turawa wuƙar ta bi sawunta daidai. Ta fita kuwa, da wuya ta koma kan layin.

Daga nan sai tsinta. Ka ɓare rarar ledar a hankali daga kusurwa, ka tsince cikin Ɗ da na a guda uku, ka tabbata ɗigon i yana nan. Ɗora salatif ɗin ɗauka a kai, wato mai ɗaga haruffan gaba ɗaya yadda suke a jere, goga da tsohon kati, juya, ɓare takardar baya, kai ƙofa. Wata dabarar manhaja da ke sauƙaƙa wannan: zana murabba'i a kewayen rubutun ka yi musu Attach, sai rarar ta ɗago a iyakance maimakon ka yi kokawa da leda guda.

In kuma so kake ka yi maƙalar fenti, wato haruffan za ka cire ka shafa fenti ta ramin, to a kwali ko roba tsakiyar a da Ɗ za su zube, don babu abin da ya riƙe su. Sai ka yi musu 'yar gada: siririn murabba'i da za ka yanke daga jikin harafin, ya haɗa tsakiyar da waje.

Zanen riga: juya shi

Ledar da ake mannawa a riga da zafi a kife ake yanka ta, gefen mai sheƙi yana kallon tabarma, domin wannan sheƙin roba ce mai riƙe zanen har a gama guga. Tunda ta baya ake yanka, dole a juya zanen kamar a madubi. A Design Space maɓallin Mirror yana shafin tabarma, kuma kowace tabarma da nata, in launi uku ne sau uku za ka kunna. Silhouette takan tambaye ka kafin ta aika, in ka riga ka juya da kanka kada ka bari ta sake juyawa. Ni na taɓa zama na tsince rubutun layi huɗu tsaf, ƙananan haruffa, wuyana har ya ƙage, sai da na ɗora a kan riga na ga ana karanta shi daga dama. Tun ranar na manna 'yar takarda a murfin na'urar mai kalma ɗaya: madubi.

Shigo da zane daga waje

Idan ka sauke zane, yawanci a dunƙule yake zuwa cikin ZIP, sai ka warware tukuna. SVG ɗin kan fito da alamar burauza, kada wannan ya ruɗe ka. Ka kuma karanta izinin da aka bayar, don akwai na amfanin kai kaɗai, akwai wanda aka yarda ka sayar da abin da ka yi da shi. Salon rubutu ma haka.

Da ya shigo, duba girmansa kafin komai. Wasu manhajoji suna lissafa inci da ɗigo 72, wasu da 96, shi ya sa zanen santimita 12 kan iya buɗewa a 9 ko a 16. A sitika ba komai, ka gyara. A akwatin kwali mai murfi kuwa, sai ka zaɓi dukkan sassan a tare kafin ka canja girma, in ba haka ba murfin ba zai zauna ba.

Idan PNG ko JPG ne, manhajar za ta bi sawunsa ta fitar da layi. Silhouette na kiran wannan Trace, Design Space kuma tana sa ka goge bayan hoton yayin ɗorawa, ta ɗauki gefen abin da ya rage. Baƙin zane a kan fari, mai girma, mai tsabta, shi ne ke fitowa da kyau. Hoton fuskar mutum ko tambarin da aka kwafo ƙarami, ɗaruruwan ƙulle-ƙulle zai haifar, ka ji na'ura tana kakkarwa a wuri ɗaya tana cin ledar. Danna layin sau biyu a Silhouette ka ga ƙullen da idonka, ka rage su da Simplify.

In aikin ya fi ƙarfin manhajar na'ura, akwai Inkscape, kyauta ce, kuma SVG ne harshenta na asali. Abu biyu za ka riƙe a can. Rubutu sai ka mayar da shi layi da Object to Path kafin ka adana, don Design Space ba ta karɓar rubutun da ba a mayar ba. Wannan ce kuma hanya mafi aminci ga mai son yanka ajami, domin Inkscape tana haɗa haruffan Larabci yadda ya kamata, in ka mayar da su layi ka haɗe su da Union, babu mai sake raba su. Na biyu, layi mai kauri a ido ne kawai yake da kauri, wuƙa sau ɗaya za ta bi ta tsakiyarsa. In kana son kaurin ya fito a leda, Stroke to Path ce za ta ba shi gefe biyu.

Bugawa sannan yanka

Sitika mai launuka da yawa firinta ce ke buga ta, na'ura ta zagaya gefe. A Design Space ka sa farar siffa a bayan zanen, ka zaɓe su duka ka danna Flatten. In ka manta da siffar bayan, sai a yanka kowane harafi shi kaɗai. Manhajar za ta buga baƙaƙen alamomi a gefen takardar, su ne ɗan firikwensin na'urar ke karantawa ya gane inda zanen yake. Buga a ainihin girmansa, kada firinta ta rage shi don ya shiga shafi. Takarda mai ƙyalli da hasken fitila da ke dukan ta kai tsaye suna hana karanta alamomin. In yankan ya riƙa gocewa gefe guda, nemi Calibration a saiti.

In yankan ya ƙi

Leda tana tattarewa a kwana: ƙarfi ya yi yawa ko gudu, ko kuma ɗan ɓarɓashi ya maƙale a bakin wuƙa ya hana ta juyawa. Ciro ta ka duba. Takarda tana zamewa: danƙon tabarma ya mutu, goge ta ko ka kama gefuna da salatif. Wani wuri ya yanke wani bai yanke ba: wuƙa ta dakushe, kuma takarda ta fi leda saurin cinye kaifi, shi ya sa nake ware ɗaya ta takarda ɗaya ta leda. An yanka layi sau biyu har ya huda: siffa biyu ne a kan juna, buɗe jerin siffofin zanen, wato Layers, da ke gefen dama ka goge ɗaya.

Duk saitin da ya yi maka daidai, rubuta shi. Ni yankakken tauraron gwajin nake mannawa a littafi, in rubuta irin ledar da lambobin a gefensa, da ranar da na sa sabuwar wuƙa.